Rayuwar Matuƙan Jiragen Yaƙin Birtaniya a Jamus: Jira Ya Fi Tashi Yawa

An daɗe ana ɗauka cewa matuƙin jirgin yaƙin da aka tura ƙasar waje kullum yana sararin sama, alhali tsofaffin matuƙan Birtaniya da suka yi aiki a Jamus ta Yamma lokacin Yaƙin Cacar Baka sun fi tuna zaman jira a ƙasa. A sansanin Gütersloh, inda jiragen Lightning suka zauna har zuwa 1977, dare da rana ana ajiye jirage biyu cikin shirin tashi a minti 5, matuƙansu kuma suna kwana kusa da su sanye da kayan aiki, sau da yawa ba tare da an kira su ba.

Ko an tashi ma, Lightning na shan mai sosai, saboda haka tafiyar takan ƙare cikin kusan awa ɗaya. Sauran yinin yana tafiya ne wajen tsara hanya, nazarin yanayi da bitar kurakurai bayan sauka. Waɗanda aka fi mantawa da su, kuma hakan rashin adalci ne, su ne makanikai da masu ɗora makamai, waɗanda suka ninka matuƙan yawa, suke kuma gyaran injuna cikin tsananin sanyin hunturu.