Ƙofa mai shigewa cikin bango: yadda ake cire ta a rage mata tsawo saboda sabon daɓe

Wace irin ƙofa ce wannan?

Ƙofa ce da ba a buɗe ta ciki ko waje. Tura ta ake yi gefe, sai ta shige wani lungu da aka bari a cikin bango ta ɓace. An fi ganinta a gidajen Amurka da Turai, musamman a banɗaki da kicin inda wuri ya yi ƙunci, kuma ta fara shigowa gidajen zamani a biranenmu. Ba a ƙasa take tsaye ba. Rataye take da tayoyi biyu masu gudu a kan layin ƙarfe da ke sama, a ƙasa kuma akwai 'yar roba a bakin lungun da ke hana ta lilo.

Me ya haɗa ta da sabon daɓe?

Tsakanin gindin ƙofar da ƙasa, ratar da ake bari ba ta cika wuce santimita 1 zuwa 2 ba. Tayil kuwa kaurinsa kaɗai ya kan kai milimita 8 zuwa 10, ga gam ɗin da za a shimfiɗa a ƙarƙashinsa. In mai tayil ya ɗora shi a kan kwaɓin siminti da yashi, kamar yadda aka saba a wajenmu, daɓen zai iya tashi da santimita 3 ko fiye. Ratar ta tafi ke nan.

Yaushe ya kamata a cire ta?

Kafin mai tayil ya sauke kayansa. Nan ne mutane suka fi yin asara. Mai aiki zai tura ƙofar cikin bango don kada ta tare masa hanya, ya shimfiɗa tayil har bakin lungun, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Washegari a ja ƙofa ta ƙi fitowa, domin cikin lungun yana nan a tsohon matsayinsa, sabon daɓen kuma ya zama mata shinge. Daga nan sai dai a fasa tayil ɗin da ke bakin ƙofar, ko a ɓalle gefen bango. Aikin 'yan mintoci ya koma na yini.

Sai dai cirewa da wuri ba yankewa da wuri ba ne. A jingine ta a wuri mai bushewa, a jira tayil ya kama tukuna.

To yaya ake cire ta?

A sama, akwai siraran katakai biyu da suka ɓoye layin ƙarfen. Ɗaya kawai ake buƙatar cirewa. A bi gefensa da wuƙa mai kaifi a tsaga fentin, in ba haka ba zai taho da fentin bango. In da sukuru aka ɗaure shi, an huta. In ƙusa ce, a ɓamɓare a hankali. Sannan a kwance 'yar robar ƙasa, a ja ƙofar ta rufe, a haska tocila a samanta. Za a ga kowace taya ta kama wani ɗan farantin ƙarfe da ke saman ƙofar, da ɗan makulli na roba ko ƙarfe. A murɗa shi gefe, a ɗan ɗaga ƙofar, sai ta rabu da tayar. A tsofaffin samfura babu makullin: karkato gindin ƙofar ake yi a ɗaga, tayoyin su fita daga layin. Mutum biyu ya kamata, ɗaya ya tallafe ƙasa.

Ba za a iya ɗaga ta ba tare da an yanka ba?

Wani lokaci ana iyawa. Kowace taya tana da noti da ake juyawa da siririyar sifana, ƙofar ta hau ko ta sauka. Amma 'yan milimitoci ne kawai yake bayarwa. Ya isa ga ledar daɓe, bai isa ga tayil a kan siminti ba.

Nawa za a rage, kuma ta wane gefe?

Ta ƙasa. Sama nan ne aka ɗaure farantan da ke ɗauke da nauyinta, ba a taɓa shi. A auna daga layin ƙarfe zuwa daɓe a wurare uku a faɗin ƙofar, domin da wuya mai tayil ya fitar da ƙasa daidai wa daida. Wurin da ya fi tudu shi ne ma'auni. A bar ratar kimanin santimita 1. Kafinta mai hankali kan manna tef a kan layin yankan, ya fara tsaga shi da wuƙa, ya ɗaure miƙaƙƙen katako ya zama wa injin yankan jagora, don kada fuskar ƙofar ta tsattsage. A ganina gara a rage kaɗan a gwada, ko da za a sake saukewa.

In ƙofar irin mai rami a ciki ce fa?

Yawancin ƙofofin ɗaki marasa nauyi haka suke: filawud biyu, tsakiya kwali, sai ɗan katako mai ƙwari a gindi wanda bai wuce 'yan santimitoci ba. In yankan ya wuce shi, za a tarar da rami. Kada a jefar da guntun da aka yanke. A kankare filawud ɗin da ke jikinsa, a shafa gam, a cusa katakon cikin ramin, a matse har ya bushe. In akwai tsagi a gindin ƙofar inda 'yar robar ke bi, dole a sake fitar da shi. Ƙofar gilashi mai tauri kuwa ba ta yankuwa, tarwatsewa take yi. Sai dai a sa a yi wata.

Saura me kafin a mayar da ita?

A shafe wurin da aka yanke da fenti, musamman in ta banɗaki ce, domin ta nan katako ke shan ruwa ya kumbura. A share ƙurar siminti daga layin ƙarfen, a duba tayoyin, in sun cinye a sauya su tun ƙofar tana ƙasa. Siririn katakon nan na sama kuma a mayar da shi da gajeren sukuru maimakon ƙusa, wanda ba zai leƙa ciki ya karce ƙofar ba.