Hayaƙi a Ƙananan Jiragen Ƙasa na Kwaikwayo

Hayaƙin ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo shi ne farin turirin da ake sa kan jirgin ya riƙa fitarwa ta bututunsa, don ya yi kama da babban jirgi mai aiki da kwal da tururi, ko mai shan dizal. A mafi yawan waɗannan jirage ba abin da ke ƙonewa. Wutar lantarki ce ke jan jirgin, hayaƙin kuwa wata 'yar na'ura ce a ƙarƙashin bututu ke yin sa: tana zafafa mai mara nauyi har ya zama tururi, da ya haɗu da iska mai sanyi sai ya dunƙule ya zama ƙananan ɗigo masu yawo, su ne ido ke gani fari. Masu wannan sana'a sun daɗe da gane cewa yawan hayaƙi ba shi ke sa jirgi ya yi kama da na gaske ba, lokacin fitarsa da yadda yake bin aikin injin su ne ma'auni.

Tarihi

A shekarar 1946 kamfanoni biyu na Amurka suka fito da jirage masu hayaƙi, Lionel da kuma A. C. Gilbert mai yin American Flyer. Lionel ya fara da kwan fitila mai ɗan loɓawa a samansa, ana jefa ƙwayar da ke yin hayaƙi ta bututu ta sauka a loɓawar, zafin kwan ya narkar da ita. A 1947 aka maye gurbin kwan da waya mai zafi, a 1957 kuma kamfanin ya fara fitar da jirage masu amfani da mai maimakon ƙwaya. Na farkon American Flyer a taragon kwal aka ɗora na'urar, da ɗan zugazugi mai tura hayaƙin ta tiyon roba zuwa bututu. A Turai, kamfanin Seuthe na Jamus ya shahara da siririyar na'ura mai siffar bututu, wadda ke shiga ƙananan jirage na sikelin HO, wato kashi 1 cikin 87 na girman jirgin gaske.

Ire-iren na'urori

Mafi sauƙi ita ce irin ta Seuthe. Bututun ƙarfe ne mai faɗin kusan milimita 5 ko ƙasa da haka, da wata siririyar allura mai rami a tsakiyarsa. Mai yana hawa cikin allurar, zafi ya tafasa shi, ya fito sama a hankali. Ba ta da wani sashe mai motsi, shi ya sa ba ta cika lalacewa ba, amma hayaƙinta siriri ne kamar na turaren tsinke, kuma ba ruwansa da gudun ƙafafun jirgin.

Ta biyu mai fistin ce, wato ɗan abin da ke kai-da-komo yana tura iska kamar na famfo. Ana haɗa fistin ɗin da sandar ƙafafu, duk juyawa sai ya tura iska cikin ɗakin hayaƙi, ya fito guda-guda. Tsofaffin jiragen sikelin O, wanda ya fi HO girma, da yawa haka suke.

Ta uku, wadda ta mamaye manyan sikeli a yau, ita ce mai fanka. Tana da ɗan kwano cike da lagwani na zaren gilashi, da rizista, wato abin da ke yin zafi idan wuta ta bi ta cikinsa, kwance a kan lagwanin, da ƙaramar fanka mai tura iska ta kansa. Tunda lantarki ke kunna fankar, ana iya sa ta ta yi bugu ɗaya ta tsaya, daidai da sautin injin. Kamfanin MTH ya yi suna da wannan tsari a sikelin O, daga baya ya bazu har zuwa HO. Wasu jiragen ma suna da ƙarin mafita, tururi na fita ta usur idan an busa shi, ko ta gefen silinda, wato gidan fistin, lokacin tashi.

Sabuwar hanya ita ce ta ruwa zalla. Wani ɗan faifai mai ƙananan huji yana karkarwa sama da sau 100,000 a daƙiƙa, yana farfasa ruwa ya zama hazo. Ba zafi, ba maiƙo, kuma yana kunnuwa ya mutu nan take. Aibinsa shi ne hazon mai sanyi ne, yakan yi ƙasa maimakon ya tashi, sannan in ba tataccen ruwa aka zuba ba, gishirin da ke cikin ruwan famfo zai toshe hujin.

Daban da duk waɗannan akwai jirage masu tukunyar gaske, da ake dafa ruwa da gas ko sifirit. Tururinsu na ainihi ne, ya fi fitowa sosai a ranar sanyi.

Abin da ke sa shi kama da gaske

Kan jirgi mai silinda biyu yana fitar da tururi sau 4 a kowace juyawar babbar ƙafa, domin kowane fistin yana aiki gaba da baya. Mai silinda uku sau 6 yake yi. Tsofaffin jiragen kwaikwayo da yawa sau ɗaya ko biyu kawai suke bugawa, kuma wanda ya san jirgi yana ganin wannan gibin tun daga nesa. Gyaransa shi ne a manna ƙananan maganaɗisu 4 a bayan ƙafa, tazararsu daidai, a sa makunni mai jin maganaɗisu kusa da su, ko a saita dikoda, wato ɗan allon lantarki da ke cikin jirgin yana sarrafa shi, ta ƙirga juyawar injin lantarkin jirgin. Idan za a yi saitin, a tafiyar da jirgin a hankali ƙwarai, a sa ido kan sandar ƙafa, a ƙirga bugu har ta dawo inda ta fara.

Bayan ƙirga sai yanayin aiki. Jirgin gaske yana tunkuɗo hayaƙi da ƙarfi lokacin da yake tashi da kaya ko hawan tudu. Idan direba ya rufe tururi a gangara, bugun yakan ɗauke, sai ɗan hayaƙi mai kwanciya a bayan tukunya. A tsaye a tasha kuwa siriri ne yake tashi. Jirgin da ke zubo hayaƙi iri ɗaya a kowane hali, komai yawansa, wasan yara yake nunawa. Dikodojin zamani suna ba da damar a raba ƙarfin fanka da zafin rizista gida uku, na tsayuwa da na tafiya da na jan nauyi, kuma rage na tsayuwa shi ne gyaran da ya fi saurin nuna amfani.

Akwai abin da ba a iya kwaikwaya. Baƙin hayaƙi kunkunniya ce ta kwal da bai gama ƙonewa ba, ba kuma wanda zai so ta a ɗaki, saboda haka na kwaikwayo fari ne kullum. Wannan ba babbar asara ba ce, don ƙwararren mai zuba kwal hayaƙi mai ruwan toka yake nema, baƙi alamar ɓarnar makamashi ce. Abu na biyu shi ne motsi. Iska ba ta raguwa da sikeli, ƙaramin hayaƙi yana tashi da sauri ya watse, ba ya yin curin nan mai nauyi. Masu ɗaukar bidiyo suna rage gudun hoton don cike gurbin, a sikelin HO kusan ninki 9. Haske daga baya ko daga gefe, da bango mai duhu, suna sa ɗan hayaƙi ya fito fili fiye da ƙarin mai.

Zuba mai da matsaloli

Na'urar bututu ta HO ɗigo kaɗan take ɗauka, kada a wuce rabinta. Mai fanka ta sikelin O takan ɗauki ɗigo 15 zuwa 20. A zuba da sirinji ko kwalba mai dogon baki, sannan a ɗan hura bututun don man ya sauka.

Idan an cika mai da yawa, rizista yakan nutse ya kasa yin zafi, hayaƙi ya ɗauke, rarar kuma ta gangara cikin motar fanka ko kan allon lantarki. Mutane da yawa in sun ga haka sai su ƙara mai, su ƙara dagula lamarin. A na'urar bututu, kumfar iska takan tsaya a baki ta hana man sauka. Siririyar waya ke fasa ta, amma a kula kada a lanƙwasa allurar tsakiya.

Rashin mai ya fi illa. Busasshen lagwani yana ƙonewa ya yi baƙi ya taurare, daga nan ba ya ƙara jan mai ko an zuba. Alamarsa warin ƙuna da raguwar hayaƙi. Sai an buɗe na'urar, an cire tsohon lagwanin, an sa sabo a sassauce yadda zai taɓa rizista ba tare da ya toshe hanyar iska ba. Duk lokacin da ba za a zuba mai ba, a kashe makunnin hayaƙi.

Wutar ma tana da nata sharaɗi. A tsohon tsari, wanda ba na dijital ba, da ƙarfin wutar dogo ake ƙara ko rage gudun jirgi, don haka a tafiyar sannu rizista ba ya samun zafi. Rizista mai om 27 yana ba da kusan wat 5 a bolt 12, amma a bolt 6 bai kai wat ɗaya da rabi ba. A tsarin dijital kuwa, inda dikoda ke sarrafa gudu, wutar dogo ba ta sauka, a HO tana kusan bolt 14 zuwa 16 koyaushe, na'urar da aka ƙera don ƙaramar wuta za ta iya ƙonewa ko ta narkar da bututun roba. A duba kuma ko mafitar dikoda za ta ɗauki abin da na'urar ke ja, in ba za ta iya ba a sa rile, wato makunnin da lantarki ke kunnawa, a tsakani.

Man da aka ƙera don wannan aiki kaɗai ake zubawa. Kananzir da man fitila suna iya kamawa da wuta, man girki yana daskarewa ya zama danƙo, na'urar ruwa kuma ba a sa mata mai sam. Tururin yakan sauka a kan dogo da rufin taragu ya bar maiƙo mai tara ƙura da rage riƙon ƙafafu, don haka mai yawan amfani da hayaƙi sai ya yawaita goge dogo. A buɗe taga ko a sa fankar fitar da iska, musamman idan akwai mai ciwon asma a wurin, kuma a tuna cewa ƙararrawar gobara tana iya ɗaukar wannan tururi a matsayin hayaƙin gaske.