Kafin ka kafa pisin na roba a tsakar gida

Da zarar bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Damagaram, sai tallar pisin na roba, wato wurin ninkaya na leda, ta cika Facebook da WhatsApp. Iri biyu aka fi gani: wanda ake hura bakinsa da iska, da wanda ake ɗaura ledarsa jikin sandunan ƙarfe. Dukansu bisa ƙasa ake kafa su, babu tono babu siminti, kuma mai talla zai ce maka cikin rabin awa ka gama. Game da kafawar, gaskiya ya faɗa. Aikin da ke biyo baya kullum, da haɗarin da ka shigo da shi gida, su ne ba ya ambata.

Mu fara da ruwa, tunda a garin nan ba a raina zancensa. Damagaram kan dutse take zaune, shi ya sa ake jawo ruwanta daga nesa, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram, kuma kowa ya san unguwannin da ke kwana da yini pampo bai kawo ba a bazara. Pisin mai sandunan ƙarfe, mai faɗin mita 3 da santimita 66 da tsayin santimita 76, wanda a hoto ba ya da wani girma, yana cin lita kusan 6,500. Bido 260 ke nan na lita 25. Gidan mutum goma da ke lallaɓawa da lita 20 kowane mutum a rana, wannan ruwan zai kai su wata ɗaya har da ɗoriya. Kuma ba cikawa ɗaya ba ce. A Afrilu rana da busasshiyar iska na iya rage kusan santimita 1 a yini, wato lita 100 ko bido huɗu, ban da wanda yara ke fantsalarwa. Duk wanda ke sayen ruwa wajen ƴan ga-ruwa, ya zauna ya buga wannan lissafin tun kuɗinsa na aljihu.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka wancan pisin ɗin ya kai tan shida da rabi. Kowane murabba'in mita da ke ƙarƙashinsa na ɗauke da fiye da kilo 600. Rufin siminti na gidan kwana ba a zuba shi don ya ɗauki ko rabin wannan ba, don haka maganar a hau da shi saman bene saboda sirri ko iska, a bar ta kwata-kwata. Haka kan murfin shadda, ko inda aka cike tsohuwar rijiya.

A ƙasa ma sai wurin ya daidaita. Idan wani gefe ya fi wani gangara da fiye da santimita 2 zuwa 3, ruwan zai jingina can, sandunan su karkace, ledar ta yi ciki, wata rana ɗinkin ya yage. Ruwan da zai ɓalle a lokaci guda ya isa ya kayar da yaro, ya kuma cinye gindin katangar laka, taka ko ta maƙwabci. A sa magini ya auna da nibo. A kankare gefen da ya yi tudu, kada a cike gefen kwari da yashi, don yashi zamewa yake idan ya sha ruwa. A tsince tsakuwa da ƙaya da ƙarangiya, a shimfiɗa tampol, a sa katako ƙarƙashin kowace ƙafar ƙarfe. A zuba ruwa kamar faɗin yatsu biyu tukuna a duba: in ya taru gefe guda, a zubar a sake gyara wurin. Awaki kuwa, ƙaho ɗaya ya ishe su.

Ruwan da ya zauna cikin zafi, ga gumi ga man shafawa ga ƙura ga fitsarin yara, kwana biyu zuwa uku ya ishe shi ya lalace. Alamar farko ba kore ba ce. Ka shafa ledar da tafin hannu daga ciki, za ka ji santsi. Daga nan ruwan ya yi duhu-duhu, sannan gansakuka ta fito. Abin da ke riƙe shi shi ne kulorin da tacewa, kuma duka biyun aikin kullum ne. Ana son kulorin ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, kuma tsakanin 7.2 da 7.8. Ido ba ya gane wannan, hanci ma haka. Sai da ƴan takardun gwaji da ake tsomawa a ruwa, a jira daƙiƙa kaɗan, a gwada launinsu da na jikin kwalbar. Wanda ba shi da inda zai riƙa samun waɗannan takardu, bai shirya riƙe pisin ba.

Ga lissafin lita 6,500. Jabel mai ƙarfin kashi 2.6 cikin 100, kwata ɗin lita na ɗaga kulorin da miligiram 1 a lita. Garin kulorin da ake kira HTH mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, giram 10 ke yin wannan aikin. A karanta ƙarfin a jikin roba, don jabel iri-iri ne, kuma mai turare ba ya shiga ruwan wanka. Hasken ranar Damagaram na iya cinye mafi yawan kulorin cikin awa biyu zuwa uku, saboda haka da yamma ake zubawa, injin tacewa na aiki, da safe a sake aunawa kafin kowa ya shiga. A narka garin cikin bokitin ruwa, a zuba gari cikin ruwa, ba ruwa kan gari ba. Kada a haɗa HTH da ƙwayoyin kulorin masu narkewa a hankali cikin mazubi ɗaya, kada a haɗa ko wanne da asid: na farko kan tayar da wuta, na biyu hayaƙi ne mai ƙona huhu. A kulle su inda yara ba su kaiwa, kuma kada a juye jabel cikin robar lemo.

In kulorin ya gaza, abin da ake gani a asibiti shi ne zawo, jan ido, ciwon kunne da ƙuraje, sau da yawa yaran gida ɗaya a tare. Akwai ƙwayar cutar zawo mai suna kiriptosporidiyom da ke rayuwa fiye da mako guda ko cikin ruwan da ke da kulorin daidai. Shi ya sa mai zawo ba ya shiga, babba ne ko yaro, kuma in yaro ya yi zawo a ciki, ƙara magani ba ya wadatarwa a pisin na gida. Zubarwa ake yi, a wanke, a shanya. Ruwan tabki kuma kada a cika da shi, tsargiya daga can take.

Injin tacewar da ke zuwa cikin kwali ƙarami ne, yana jan kamar lita 2,000 a awa, kuma yana bukatar awa huɗu zuwa shida a rana. Filtarsa ta takarda ana wanke ta duk bayan kwana biyu ko uku, a canza bayan mako biyu. Ranar da aka yi guguwar ƙura, kafin magariba ta koma ja. Ka tambayi mai sayarwa ko yana da filtar canji kafin ka biya. Sannan watannin da ake bukatar pisin su ne watannin da kuran ke yawan ɗaukewa. Injin nan da wutar 220 yake aiki kusa da ruwa, kusa da ƙafafu marasa takalmi. Dole layin ya bi ta na'urar da ke katse wuta da kanta in ta zurare, wadda masu gyaran wuta ke kira diferansiyel, mai miliamfa 30. Ralonj da aka yi wa ɗauri da leda a yashe a ƙasa, kisa ne. A cire wayar injin daga bango duk lokacin da mutum zai shiga ruwan.

Damina na faɗuwa sha'awar pisin ke mutuwa, a bar shi da guntun ruwa a bayan ɗaki. Sauro daga ƙwai zuwa mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a wannan yanayi, kuma mai kawo zazzaɓi ya fi son ruwa mai haske da rana ke bugawa. Ruwan saman da ke kwanciya kan murfin ma ya ishe shi. Daga Yuli zuwa Oktoba ma'aikata na bin gida-gida suna ba ƴan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi, ga kuma maigida na kiwon sauro taku goma daga inda yaran ke kwana. A zubar da ruwan kafin ruwan farko. A daina sa kulorin na ƴan kwanaki, sannan a ja shi da tiyo a hankali zuwa gindin itatuwa, nesa da katanga da shadda. Kada a sake shi cikin lungu.

Duk abin da aka lissafa yana da magani ko gyara. Nutsewa ce ba ta da shi, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum kusan 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Mutane na zaton za su ji ihu. Ba a jin komai. Yaron da ke nutsewa bakinsa na daidai saman ruwa, kansa a karye baya, ba ya da numfashin da zai yi kira da shi. Cikin kamar minti biyu ya suma, daga minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Lokacin bai kai na sallar la'asar ba, bai kai na kwashe tuwo ba. Ƙaramin yaro kansa na da nauyi sosai in an kwatanta da jikinsa, in ya leƙa ya rinjaya ciki ba ya iya juyowa, ko da ruwan bai kai gwiwarsa ba.

Wasu na cewa bangon pisin ya fi ƙarfin yaro. Ɗan shekara biyu ya san ya jawo kujera ƴar tsugune, ko ya kife bokiti, ko ya taka tiyon injin. Na hurawa kuwa bakinsa laushi gare shi, yana jingina zai lotsa ya zuba shi ciki. A watan Yuli na 2025 hukumar kare masu saye ta Amurka ta ba da sanarwar gyara a kan pisin kusan miliyan 5 na Bestway da Intex da Polygroup, masu tsayin santimita 122 zuwa sama, saboda wata ɗamara da ke zagaye su ta wajen sandunan. Yara na taka ta su haura ko an cire tsani. Yara tara, daga wata 22 zuwa shekara 3, suka mutu ta haka tsakanin 2007 da 2022. Duk wanda aka yi wa tayin babba, sabo ko na hannu, ya duba ko ɗamarar nan na waje.

Gidajenmu kuma ba a rufe suke ba. Ƴaƴan maƙwabta na shigowa ta zaure ba sallama, almajiri na shigowa, ranar suna ko biki tsakar gida cike take, kowa na zaton wani na kallo. Katangar gida ba ta raba yaro da ruwan da ke cikin gidan. Abin da ke rabawa shi ne shinge ta kowane ɓangare, mai tsayin aƙalla mita 1 da santimita 20, tazarar sandunansa kada ta wuce santimita 10, babu abin takawa a jikinsa, da ƙofa mai rufe kanta wadda sakatarta ke sama. Kuɗin wannan shinge wajen mai walda na iya fin na pisin ɗin, kuma a ganinmu wanda ba zai yi shi ba ya haƙura da sayen. A cire tsani a kulle bayan kowane wanka. Murfin leda ba kariya ba ne, yaro kan zame ƙarƙashinsa a kasa ganinsa. Balan-balan ɗin hannu ma abin wasa ne.

In yara na ciki, babba ɗaya aka ambaci sunansa, aka ce kai ne mai kallo, yana zaune inda hannunsa zai kai ga ƙaramin, babu waya babu girki. Yaya ƴar shekara tara ba ta cikin lissafi. Samari kuma a hana su tsalle da ka: zurfin bai kai ba, kai na bugun ƙasa, wuya ya karye, mutum ya shanye daga nan har ƙafa. Gidan da ke son yara su sha sanyi kawai, ƙaramin da bido biyar ko shida ke cikawa ya wadatar. A yi wasa a gaban uwa, a juye ruwan a shuka, a kife shi nan take.

In an nemi yaro an rasa, ruwan ake fara dubawa kafin ɗaki, kafin waje. In an same shi ciki, a fito da shi, a kwala kira wani ya buga 18, lambar ƴan kwana-kwana, ko ya nemo abin hawa. Kada a ɗaga shi ta ƙafa ana zazzagawa, kada a danna masa ciki don ruwa ya fito. Lokaci ake ɓatawa, kuma amai na iya komawa huhu. A kwantar da shi rigingine kan ƙasa mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa, a duba numfashi. In babu, a hura masa iska baki da baki sau 5, ana kallon ƙirjin na tasowa. Jariri kuwa a rufe bakinsa da hancinsa tare. Sai a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da sauri, kamar sau biyu a daƙiƙa, zurfin kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin, da hannu ɗaya ga yaro, da manyan yatsun hannu biyu ga jariri. A hura sau 2, a koma dannawa, a ci gaba ko cikin mota. In ya farfaɗo, a juya shi gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, a kai shi asibiti ko da ya tashi yana magana, domin ruwan da ya shiga huhu kan kawo tari da sarƙewar numfashi bayan wasu awoyi.