Fansho a Jihar Kaduna: wanda ya cancanta da lokacin karɓa

Fansho kuɗi ne da ake biyan ma'aikaci wata-wata bayan ya bar aiki. A aikin gwamnati, ma'aikaci kan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Farfesoshin jami'a suna kaiwa 70.

A tsohon tsari gwamnati ce kaɗai ke biya daga baitulmali: giratuti (kuɗin sallama a dunƙule) bayan shekara 5 na aiki, fansho kuma bayan 10. Dokar tarayya ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta kawo tsarin karo-karo ƙarƙashin PenCom, hukumar fansho ta ƙasa. Ma'aikacin tarayya na zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, gwamnati ta ƙara kashi 10. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2016, ta fara aiki da ita a Janairun 2017, inda ma'aikaci ke ba da kashi 7, gwamnati ta ƙara nata kason. Kuɗin na taruwa ne a asusu mai sunan mutum, a hannun kamfanin fansho da ya zaɓa.

Ba a taɓa asusun sai mutum ya yi ritaya kuma ya kai shekara 50. Akwai sassauci: wanda ya rasa aiki kafin 50, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya cire kashi 25. Wanda likitoci suka tabbatar lafiyarsa ba za ta ɗauki aiki ba shi ma ba ya jira. Idan lokaci ya yi, a kan ba shi wani kaso a dunƙule, sauran kuma ya zaɓa: ko kamfanin ya riƙa gutsuro masa duk wata, ko ya miƙa wa kamfanin inshora da zai biya shi har ƙarshen rayuwarsa.

Inda aka fi shan wuya shi ne tsakanin ranar ajiye aiki da ranar da kuɗin farko zai shigo. Wanda ya kama aiki kafin sabon tsari yana bin gwamnati haƙƙin shekarun baya, kuma sai an lissafa an zuba shi a asusunsa kafin a fara biya. Ga kuma tantancewa. Dattijo zai taso daga Birnin Gwari ko Kafanchan da asuba, rungume da fayil mai takardar kama aiki, ta ƙarin girma da ta albashin ƙarshe, a duba a ga ranar haihuwar da ke katin ɗan ƙasa ta saɓa wa ta fayil. Wannan kaɗai kan cinye watanni, alhali albashi ya riga ya tsaya. Abin takaici ne, domin gyaran ya fi sauƙi tun mutum yana bakin aiki, shekara guda kafin ya tafi.

Idan ma'aikaci ya rasu, magada ne ke karɓa, bayan sun kawo takardar shaidar rasuwa da ta kotu mai ba su ikon gado.