Rashin ƙofar dubura a jarirai

Rashin ƙofar dubura lalura ce da ake haifar jariri da ita, inda ƙarshen hanji bai buɗe a wurinsa ba. Kimanin jariri 1 cikin 5,000 ke zuwa da ita. Tana faruwa tun makonnin farko na ciki, lokacin da hanyar bayan gida ke rabuwa da ta fitsari.

Wani jaririn 'yar fata ce kawai ta rufe ƙofar, wani kuwa hanjin can sama ya tsaya. A maza hanjin yakan ɓulle cikin hanyar fitsari, har a ga baƙin kashin nan na farko a fitsari. A mata yakan ɓulle a bakin farji, kuma wannan ne ke yaudarar iyaye: ana ganin kashi a tsumma sai a ɗauka lafiya lau, har yarinya ta yi watanni ba a gane ba. Likitoci kan duba zuciya, ƙoda, ƙashin baya da maƙoshi, domin lalurar takan zo da wata.

Idan hanjin yana kusa da fata, tiyata ɗaya ta isa. Idan ya yi nisa, yawanci sau uku ake shiga. Da farko a fito da hanji ta jikin ciki don kashi ya samu mafita. Bayan 'yan watanni a yi babban aikin, wanda likita ɗan Mekziko Alberto Peña ya bayyana a 1982: a tsaga ta tsakanin ɗuwawu, a raba hanjin da inda ya manne, a dasa shi tsakiyar tsokar da ke riƙe kashi, wadda ake ganowa da ɗan tsinken lantarki. Mako biyu bayan aikin, uwa ke karɓar ragama, tana zura wani sanda mai santsi safe da yamma kada ƙofar ta tsuke. Sai ta kai girman da ake so ake mayar da hanjin ciki.

A Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da sashen tiyatar yara. Babbar matsalar ita ce jinkiri, tunda mata da yawa a gida suke haihuwa, sai ciki ya kumbura, amai ya fara, sannan a taso. Ya kamata ungozoma ta duba duburar jariri tun wankan farko, kuma wannan ba aikin askar wanzami ba ne.

Wasu yaran kan yi fama da taurin bayan gida ko zubar kashi bayan tiyata, a riƙa wanke musu hanji kullum don su iya zuwa makaranta cikin tsabta.