Tantancewar PIP da shekarun fansho: jan hankali ga 'yan uwa mazauna Birtaniya

A aikina na taimaka wa marasa lafiya cike takardun neman tallafi a nan Birtaniya, babu abin da ya fi damuna kamar yadda kunya da kawaicin da aka rene mu da su suke cutar da mu a gaban mai tantancewa. Na taɓa zama kusa da wata baiwar Allah mai ciwon sikila ana yi mata tambayoyi ta waya. Da aka tambaye ta ko tana iya girki, sai ta ce tana iyawa, alhamdu lillahi. Ba ƙarya ta yi ba, amma ba ta faɗi cewa a zaune take yanka albasa ba, kuma 'yarta ce take sauke mata tukunya, sannan duk ranar da ta shiga kicin sai ta kwanta har la'asar. Abin da mai tantancewa ya ji shi yake rubutawa, kuma "da sauƙi" da muke faɗa don godiya ga Allah, a takardarsa cewa take yi babu matsala.

Tallafin PIP (Personal Independence Payment, kuɗin da ake ba masu doguwar rashin lafiya ko nakasa), wanda ma'aikatar ayyuka da fansho ta DWP ta fara biya a 2013, ba ya duba sunan ciwo, yana duba yadda ciwon yake hana mutum gudanar da rayuwarsa ne. Ana auna ayyuka 10 na yau da kullum, kamar girki, wanka, sa tufafi da shan magani, da kuma 2 na zirga-zirga. Maki 8 a kowane ɓangare yana ba da ƙaramin kaso, maki 12 kuma babba. Ba a kallon albashi ko ajiya, saboda haka mai aiki ma yana iya nema. Dole matsalar ta kai wata 3, kuma ana sa ran za ta ƙara wata 9. A Sukotland wani tallafi na daban ne ya maye gurbinsa.

Abin da doka ta tanada, wanda yawancinmu ba mu sani ba, shi ne ba a ɗauka mutum yana iya wani aiki sai in yana yin sa ba tare da haɗari ba, yadda ya kamata, a duk lokacin da bukata ta taso, kuma bai ɗauki fiye da ninkin lokacin da mai lafiya zai ɗauka ba. Ana kuma lissafi ne da halin da yake ciki a fiye da rabin kwanakin shekara. Shi ya sa nake roƙon kowa ya yi sati biyu yana rubuta abin da ya faru kullum kafin ya taɓa fom: sau nawa ya faɗi, wa ya taimaka masa a banɗaki, taku nawa ya yi kafin numfashi ya ɗauke. Na san maganar wanka da bayan gida tana da nauyi a bakinmu, musamman ga dattijo a gaban 'ya'yansa, amma a nan makin yake. Mutum yana da damar zuwa da wani ya zauna tare da shi, yana kuma iya neman tafinta. In an hana shi tallafin, yana da wata 1 ya nemi DWP ta sake duba hukuncin, in bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa kotu mai zaman kanta.

Sai batun da ake mantawa da shi har sai furfura ta fito. PIP ba ya ƙara wa mutum ko da sati ɗaya a lissafin inshorar ƙasa (National Insurance), wato shekarun gudummawar da ake auna fanshon gwamnati da su. Sabon fanshon gwamnati, wanda ya fara aiki ranar 6 ga Afrilun 2016, yana bukatar aƙalla shekara 10 a wannan lissafin kafin a ba mutum ko kwabo, shekara 35 kuma kafin ya samu cikakke. Mu da muka zo ƙasar nan da girmanmu, kowace shekara tana da tsada. Wanda ciwo ya zaunar yana samun kiredit, wato a lissafa masa lokacin kamar ya biya inshorar, ta hanyar ESA (tallafin wanda ciwo ya hana aiki) ko Universal Credit (tallafin masu ƙaramin ƙarfi), kuma ko an daina biyansa kuɗin ESA, bai kamata ya rufe takardarsa ba muddin an tabbatar ba ya iya aiki, domin kiredit ɗin yana ci gaba.

Mata masu jinya su ne suka fi ba ni tausayi. Matar da ta bar aiki tana ɗawainiyar mijin da ɓarin jikinsa ya shanye, in tana yin awa 35 a sati tana iya neman Carer's Allowance, wato kuɗin tallafin masu jinya, wanda yake zuwa da kiredit. In awa 20 ce, ko wani dalili ya hana ta wancan, akwai Carer's Credit, wanda ba kuɗi ba ne a hannu amma yana cike mata gurbin shekarun, kuma sai ta nema da kanta. Haka uwar da take karɓar Child Benefit (tallafin renon yara) na yaron da bai kai shekara 12 ba tana samun kiredit, sai dai a tabbata sunan wanda ba ya aiki ne a kan takardar.

Wanda bizarsa ta hana shi cin kuɗin gwamnati kada ya nemi PIP ko Carer's Allowance ko Universal Credit kafin ya ga masanin dokar shige da fice, domin hakan yana iya taɓa zamansa a ƙasar. Ofisoshin Citizens Advice suna ba da shawara kyauta. Kowa kuma yana iya duba shekarunsa a shafin gwamnati na intanet, kuma galibi giɓin shekara 6 da suka wuce ne kawai ake iya cikewa da kuɗin aljihu. Mai niyyar komawa gida bayan ritaya ya sani cewa za a biya shi fanshonsa a Najeriya ko Ghana, amma ba za a riƙa yi masa ƙarin shekara-shekara da ake yi wa mazauna Birtaniya ba.