Dokar awo a Gana: me ya haɗa sikelin mahauci da ƙwayar zarra?

Ka tsaya gaban teburin mahauci a Aboabo, nan Kumasi, ka ce, "Alhaji, a auna min kilo ɗaya." Ya ɗora tsoka, ya ƙara ɗan ƙashi, allurar sikeli ta tsaya, ka biya. To wa ya ce abin nan kilo ne?

Doka ce ta ce. Tun 1975 Gana take da dokar awo, kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta ƙasa ce ke riƙe da ita. Duk ma'aunin da ake ciniki da shi, sikelin nama ne, na koko ne ko famfon gidan mai, sai jami'anta sun gwada shi da nasu ma'auni sun manna masa shaida. Ciniki da sikelin da aka yi wa coge laifi ne. Olonka da muke auna gari da shi kuwa gwangwani ne kawai, mai son tauye mudu yana iya buga gindinsa ya lotsa.

Su jami'an kuma da me ake gwada nasu? Daga 1889, kilon duniya wani curin ƙarfe ne da aka kulle kusa da Paris, a Faransa, aka raba wa ƙasashe kwafinsa. Da aka sake auna su bayan shekaru masu yawa, sai aka tarar sun ɗan saɓa da juna. Bambancin bai kai ƙwayar yashi ba, amma ya isa ya tayar da hankalin masana. Shi ya sa daga 20 ga Mayu, 2019 aka jingine ƙarfen, aka ɗora kilo a kan wani adadi na halitta da ba ya canzawa, mai ɗauke da sunan masanin Jamus Max Planck. Sakan ya riga shi tun 1967: shi ne tsawon lokacin kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da zarrar siziyom, wato mafi ƙanƙantar ƙwayar wani sinadari mai wannan suna, ke fitarwa.

Gaba ɗaya tsarin yana tsaye ne a kan magana guda: zarra halinta ɗaya ko'ina. Kuma ba a karɓi maganar da ka ba. Kowane sinadari yana barin nasa layuka a cikin haske, kamar zanen yatsa. A 1868 aka ga wani layi a hasken rana da ba a san mai shi ba, aka raɗa masa suna hiliyom. Sai a 1895 aka same shi a ƙasa, da layinsa sak. Haka hasken taurari masu nisa da ya yi tafiyar biliyoyin shekaru kafin ya iso mu, yana zuwa da zanen sinadarin haidirojin irin namu.

Hujjar da ta fi taɓa ni a nahiyarmu take. A Oklo, ƙasar Gabon, an gano a 1972 cewa yuraniyom, ma'adinin da ake samar da makamashin nukiliya da shi, ya taɓa kunna kansa a ƙarƙashin ƙasa kamar tashar nukiliya kusan shekaru biliyan 2 da suka wuce. Da aka auna abin da ya bari, an ga zarrar wancan zamani ta bi ƙa'idar da ta yau take bi. Masana na ci gaba da gwaji da na'urori masu ƙarin kaifi, har yanzu ba a tabbatar da wani saɓani ba.

Naka aikin mai sauƙi ne. Kafin a zuba maka mai ko a ɗora maka nama, duba shaidar hukuma, ka kuma tabbata allura tana kan sifiri. In kana da shakku, kana da ikon kai ƙara ofishin hukumar.